Ɗaukar sawun mutanen dā a lakar Formby kafin teku ta dawo

Sawun ƙafa da ruwa ya kwanta a cikinsa, ko da zurfin ruwan bai wuce milimita biyu ba, ba ya fita a kwamfuta. Da ido za ka ga dunduniya da yatsu biyar sarai, a hoto ma za ka gani, amma manhajar da ke haɗa hotuna ta fitar da siffa mai tudu da kwari ƙyallin ruwan take kamawa, sai ta ba ka rami ko ƙullutu a inda yatsun suke. Wannan ne ya cinye mana jerin sawu guda a gaɓar Formby, arewa da Liverpool a Ingila, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Lakar Formby a shimfiɗe take hawa-hawa ƙarƙashin yashin bakin teku. Mutum ko dabba ya taka ta tana da laushi, rana ta busar da ita, ruwa ya dawo ya cike gurbin da yashi ko wata laka mai taushi, a haka ta binne shekaru dubbai. Yanzu teku tana cin gaɓar, kimanin mita 4 a shekara a inda abin ya fi tsanani, don haka tana tone shimfiɗun kuma tana lalata su. Wani malamin makaranta mai ritaya, Gordon Roberts, shi ya fara bin sawun da ke cikinsu yana rubutawa tun 1989. Binciken Alison Burns da Jamie Woodward na Jami'ar Manchester da ya fito a 2022 ya nuna mafi tsufan shimfiɗun sun kai kusan shekara 9,000, na baya-bayan nan kuma kusan 1,000. Akwai sawun manya da yara, da na barewa iri biyu, da aladen daji, da kyarkeci, da tsuntsu dangin gauraka, da na wata ƙatuwar saniyar daji wadda ta ƙarshenta ta mutu a Foland a 1627.

Jadawalin cikowa da janyewar teku shi ne ke tsara ranar. Teku tana janyewa sau biyu a kwana, tsakani awa 12 da minti 25, lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. A yankin Liverpool, janyewa mafi nisa, wadda ake samu a tsayuwar wata da cikarsa, tana faɗowa da sassafe da kuma yamma. Wannan alheri ne, domin hasken da ke zuwa a kaikaice shi ke fito da gefen sawu. Da tsakar rana za ka iya wuce su ba ka gani ba. Amma a sa mutum ɗaya ya riƙa duba baya. Ruwa yana dawowa ta kwaruruka tsakaninka da tudu tun kana ganin teku can nesa a gabanka.

In an sami jeri, kada a taɓa shi sai an ɗauki wurinsa da GPS an kuma yi hoton farko daga sama da alamar arewa. Daga nan a tabbatar na dā ne, don masu yawo da karnuka suna taka lakar nan kullum. Tsohon sawu gefensa a taurare yake, abin da ya cike shi ya bambanta da lakar da ke kewaye, kuma sau da yawa za ka ga jerin ya shige ƙarƙashin shimfiɗar da ke samansa, abin da sawun jiya ba zai taɓa yi ba. Yashin ciki kuma da ruwan teku ake wanke shi, a hankali, daga kofi. Buroshi mai tauri yana goge tudun da ke tsakanin yatsu, kuma ba ya dawowa.

To, a nan matsalar take. Ruwan da ka wanke yashin da shi, da wanda ke tsattsafowa daga yashin sama, duk a cikin sawun yake taruwa. Mu mun tsane da soso, ido ya ga kamar ya bushe, aka ɗauki hotunan yadda ya kamata: sandar awo biyu a gicciye, kowane hoto yana hawa kan na gabansa da kashi 70 cikin ɗari ko fiye, zagaye ɗaya daga sama, ɗaya a karkace. Da dare da aka haɗa su, rabin jerin ya fito a lalace, duk inda ɗan ruwa ya sake kwantawa kafin kyamara ta iso. Da aka koma, yashi ya rufe wurin baki ɗaya. Da ya sake buɗewa bayan iska, saman shimfiɗar ya ɓare.

Abin da ya gyara aikin daga baya ba shi da tsada. A haƙa ɗan lambatu a yashi ta gefen tudu, nesa da lakar, ya karkatar da ruwan da ke gangarowa. A yi aiki mutum biyu: ɗaya da soso mai laushi yana dannawa ba gogewa ba, ɗaya da kyamara yana biye da shi nan take, sawu ɗaya a gama shi kafin a matsa. Kada a tsane jeri duka sannan a fara hoto, na farkon zai cika kafin ka dawo kansa. A sa gilashi mai kashe ƙyalli a bakin kyamara, a riƙe laima ta tare rana in ƙyallin ya yi yawa, kuma a buɗe hotunan a faɗaɗa su tun ana wurin. Ko da an yi duk wannan, a auna da rula a rubuta a takarda: tsawon sawu, faɗinsa, tazarar taki, da inda ya fuskanta. Awon takardar nan shi kaɗai ya rage mana daga jerin da muka rasa. Da shi ake ƙiyasta tsayin mutum, tunda tsawon ƙafa kusan kashi 15 cikin ɗari ne na tsayi, amma a tuna laka tana zamewa tana ƙara wa sawu tsawo.

Masu aikin Happisburgh a gaɓar Norfolk, gabashin Ingila, sun sha irin wannan a watan Mayu na 2013. Sawun da suka samu sun haura shekara 800,000, sun ɗauke su cikin ruwan sama suna kwashe ruwa daga ramukan, kuma cikin kusan mako biyu teku ta shafe su. Hotunan ne kawai suka saura, kuma a kansu aka gina duk abin da aka wallafa a 2014.

Sawu shi kansa ba ya ba da shekaru, shimfiɗar da yake ciki ce ake gwadawa, da gwajin kabon mai ƙiyasta shekarun abin da ya taɓa rayuwa. A ɗebi 'ya'yan tsiro ko guntun itace daga cikin wannan shimfiɗa ɗin, ba ta sama ko ta ƙasa ba, a sa a leda a rubuta lamba nan take. A guji saiwa, domin tana kutsawa daga sama ta ba da shekaru ƙasa da na gaskiya. A guji ɓawon kifin teku ma in akwai tsiron tudu, shi kuma yana ƙara ɗaruruwan shekaru a gwajin kabon. Kuma a ɗebi samfurin a ranar da aka yi hoton, tun ana iya nuna shimfiɗar da yatsa.