Mun je Nguru kallon tsuntsaye, muka ɓige da koyon su

Mu mutanen Daura ruwan da muka fi sabawa da shi na guga ne, tun daga kan Kusugu, sai ko dam ɗin Daberam in mutum na marmarin ganin ruwa a kwance. Shi yasa da abokina da ya karanci harkar gandun daji yace mu je fadamar Haɗeja-Nguru kallon tsuntsaye a hutun Disamba dariya na fara yi, nace tsuntsun da muke harbi da danƙo muna yara shi za mu ƙona mai mu je gani har Yobe? Amma dai na bi su, mu huɗu a mota da tanti biyu da risho da madubin hangen nesa guda ɗaya tal da muka dinga faɗa a kansa.

Abu na farko da muka yi daidai, kuma kusan shi kaɗai ne a ranar, mun fara zuwa gaida mai gari kafin mu kafa tanti, shi ya nuna mana tudun da za mu kwana ya haɗa mu da wani dattijo masunci Babade. Sauran duk shirme muka yi. Na zo da bargo ɗaya wai ai ni ɗan Daura ne na san hunturu, ashe sanyin bakin ruwa daban ne, wallahi cikin dare har haƙorana na haɗuwa, ga sauro bai san ana sanyi ba. Da safe kuma na zuba farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure, muka fita wajen ƙarfe tara muna surutu, duk abin da ke da fiffike ya watse tun muna nesa.

Dattijon nan ya kalle ni yace, "Yaro, da wannan rigar ko balbela sai ta guje ka." Washegari ana idar da asuba ya sa mu a kwalekwale, yace kowa ya kama bakinsa.

Kai jama'a! Hazo na ɗagawa sai ga kirinjijiya garke guda suna wannan fito nasu, ga ɗinya manya-manya, ga zalɓe a tsaye ƙiƙam kamar an dasa shi, ga wasu ƙananan agwagin ruwa da abokina ya rantse daga Turai suke, suna tsallako Sahara su yi hunturu a nan wajen Nuwamba zuwa Maris sannan su koma, ba fasfo ba biza. Shi ya faɗa mana tafkin Nguru ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar na dausayin duniya a 2000, kuma mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Philip, ya zo Dagona, wurin da aka keɓe wa tsuntsaye a fadamar, a 1989 saboda tsuntsayen nan.

Sai dai fa duk da littafin da abokina ke buɗawa, Baba ya fi shi ganin tsuntsu ba ko madubi. Shi ba sunan boko yake nema ba, aiki yake da su: inda zalɓe ya tsaya ruwa ba zurfi kuma akwai ƙananan kifi, to nan zai kafa mali, wato tarkon kifi. Ya nuna mana kayan kamun kifinsu, birgi da koma da mamari, sannan ga masu su da gora, mutum ya kifa cikinsa a kan ƙatuwar gora yana iyo, in ya kama tarwaɗa ko karfasa ya jefa ta cikin gorar. Na gwada, gorar ta juye da ni na sha ruwa, yara a bakin gaɓa kamar su mutu da dariya.

Da na tambaye shi, "Baba, kifin na nan kamar da?" shiru ya yi, ya nuna min kacala, ciyawar nan doguwa da ta toshe hanyoyin ruwa har kwalekwale ba ya ratsawa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadama ta bar zuwa yadda aka saba, kifi kuwa a ambaliya yake hayayyafa, tsuntsayen ma ita suke bi. A cikin kacalar kuma jan-baki ke kwana su fito su cinye wa manoma shinkafa. Ni da na zo yawon buɗe ido sai naji kunyar yadda na tsaya cinikin kuɗin kwalekwale, na ƙara masa a kan abin da muka yi.

Mun dawo da kwali guda na banda da sunayen tsuntsaye goma sha bakwai a bayan takardar shan mai. Hajiyarmu ko kallon takardar ba ta yi ba, kifin ta jujjuya ta shinshina tace in za mu koma baɗi a ƙaro mata tarwaɗa.