Bayelsa ce ta kunyata ni

Har yau idan na buɗe taswirar nan ta farko sai in ji kunya ta rufe ni. Wata huɗu na yi ina haɗa ma'aunin ci gaban ɗan Adam na jihohi 36 da Abuja domin kundin digirina na biyu, ina ta alfahari da launukan da na shafa mata.

Lissafin kansa bai wahalar da ni ba. Tun 1990 da Mahbub ul Haq, masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, ya fito da ma'aunin a Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙafafunsa uku ne: tsawon rai, ilimi, da kuɗin shiga. Ana auna tsawon rai tsakanin shekara 20 da 85, kuɗin shigar mutum a shekara tsakanin dala 100 da 75,000, sauran aikin Excel ne.

A ƙafar kuɗi na yi tuntuɓe. Ba a samun alƙaluman kuɗin shigar mutum jiha-jiha, don haka na ɗauki ƙiyasin darajar abin da kowace jiha ke samarwa na raba da yawan mutanenta. Bayelsa, ga man fetur ga mutane kaɗan, ta haye can sama, kore shar. Ban ma yi mamaki ba, wannan shi ya fi ci mini rai. Na ce ai a Oloibiri da ke jihar aka fara samun mai a 1956, me zai hana?

Ranar gabatarwa, wani dattijon malami ya bar ni na gama tsaf, sannan ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ka taɓa zuwa Bayelsa?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce, "To kuɗin man nan da ka raba musu, a aljihun wa ka gan shi?" Ɗaki ya yi tsit. Ya tuna mini rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da yawa: Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91 cikin ɗari, mai bi mata kuwa Bayelsa. Rahoton yana cikin kwamfutata, na ma ambace shi a babi na biyu, amma Sakkwato kawai na duba saboda ita na sa ran gani.

Mako shida na ƙara ina gyara. Na koma ga dabarar masu bincike na Jami'ar Radboud da ke Holan, waɗanda ke fitar da wannan ma'auni na yankunan cikin ƙasashe: inda babu alƙaluman kuɗi, suna duba abin da gida ya mallaka. Irin daɓen ƙasa, ruwan sha, makewayi, lantarki, firji, waya. Da na bi ta nan, koren Bayelsa ya dusashe.

Tsawon rai ma ƙiyasta shi na yi daga mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma nan ne na ajiye alƙalami na ɗan lokaci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 252 cikin 1,000 a Kebbi, 30 a Ogun. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, kuma rahoton duniya ya haɗa su a lamba guda.

Akwai abin da ban warware ba. Mutumin da ya shafe shekara goma a tsangaya, ya haddace Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, sifili yake samu a layin shekarun makaranta. Kakana sifili ne a teburina. Na rubuta wannan a babin ƙarshe, ban taɓa lambar ba. Haka yawan jama'a: duk hasashe ne kan ƙidayar 2006.

Wanda zai yi irin aikin, kafin ya shafa wa taswira launi ya ɗauki jiha biyu da suka zo sama da biyu da suka zo ƙasa, ya nuna wa wanda ya zauna can. Abokin ɗakina ya yi bautar ƙasa a Yenagoa, babban birnin Bayelsa, shekara guda cur, yana shiga kwalekwale zuwa ƙauyuka. Wata huɗu muna cin tuwo kwano ɗaya ban tambaye shi ba.