Maganin ƙoda ga mai ciwon suga: abin da nake gani a bayan kantar farmasi

Ina sayar da magani a wata farmasi nan Damagaram, kuma kusan duk mai ciwon suga da ya miƙo mini takardar likita, suga kawai yake tambaya. Ƙoda ba ta cikin lissafinsa, alhali ita ce ciwon ke ci a ɓoye shekara da shekaru. Ranar da ƙafa ta kumbura, fitsari ya riƙa kumfa, aiki ya riga ya yi nisa.

Magunguna akwai su. Tsofaffin su ne irin enalapril da losartan, waɗanda mutane ke kira maganin hawan jini. Tun 2001 bincike ya nuna losartan na rage saurin lalacewar ƙodar mai suga. Ba su da tsada sosai, amma ba a haɗa biyun, mai ciki kuma ba ta shan su. Wani dattijo daga Birni ya taɓa ce mini, “Yarinya, ni ba ni da hawan jini, me ya sa aka rubuta mini wannan?” Na ce, “Baba, don ƙodarka ne, kada ka bari.”

Sababbin su suka fi ba ni sha'awa. Dapagliflozin da empagliflozin suna sa ƙoda ta zubar da suga ta fitsari, hakan kuma na sauke matsin da ke kan ƙananan matatanta. Gwajin dapagliflozin na 2020 da na empagliflozin na 2022 sun tabbatar da amfaninsu, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka irinsu cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Sai dai a gaya wa mutum gaskiya tun farko: zai yawaita fitsari, zai ga kiyashi na bin wurin, kada ya tsorata, aikin maganin ke nan. Mata kan yi fama da ƙaiƙayin gaba. A zafinmu na Afrilu da Mayu, balle in azumi ya zo, rashin ruwa a jiki ba wasa ba ne, sai an koma wa likita kafin a ɗauki azumi da shi.

Akwai finerenone da Amurka ta amince da shi a 2021, da allurar semaglutide da gwajin 2024 ya nuna tana kare ƙoda. Waɗannan a wurinmu kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne diclofenac da ibuprofen, magungunan ciwon jiki masu iya cutar da ƙoda, na masu talla a faranti, kamar waɗanda ake gani a kasuwar Dole. Mutum na shan maganin ƙoda da safe, da dare ya haɗiye biyu don ciwon baya, ya rushe abin da ya gina. In kana da suga, nemi awon fitsari da na jini sau ɗaya a shekara, ka tafi da duk ƙwayoyin da kake sha a leda likita ya gani, har da na gargajiya.