Inda Shakka Ke Ɓuya A Shari'ar Kisa

A 2014 shirin murya na intanet mai suna Serial ya tono shari'ar Adnan Syed, wanda kotun Baltimore a Amurka ta ɗaure a 2000 kan kisan Hae Min Lee. Babban shaida ya yi ta sauya labari, takardar kamfanin waya kuma ta nuna cewa kiran da ya shigo ba abin dogaro ba ne wajen gane inda mutum yake. An soke hukuncin a 2022, aka mayar da shi a 2023. Har yau ana gardama a kai.

Mu a ƙauyukan Kano da Jigawa, abin da ya shafe mu shi ne ma'aunin tabbatar da laifi. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin kawar da duk shakka mai ma'ana. Malamanmu ma sun daɗe suna karantar da cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha.

Mafi yawan ɓarnar a caji ofis take faruwa, wajen rubuta sitatimen. Manomi ya yi bayani da Hausa, a rubuta da Turanci, ya dangwala yatsa a kan abin da bai iya karantawa ba. Idan da tafinta aka ɗauki bayanin, dole a kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Idan da duka ko barazana aka samu amsa laifin, sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓarsa. Amma lauya sai ya yi suka a daidai lokacin da aka miƙa takardar, domin alƙali ya duba yadda aka same ta. In an yi shiru ta shiga, gyara ya yi wuya ƙwarai. Wannan shirun yana cin mutane, kuma abin yana da ciwo.

Sai shaidar gani da dare. A tambayi shaida: akwai farin wata ko tocila? Taku nawa ne tsakaninsu? Ya san mutumin tun da? Ya ambaci sunansa ga 'yan sanda tun ranar farko, ko sai da jita-jita ta zaga gari? Akwai rikicin gona ko na gado tsakaninsu?

Wanda ba ya wurin da aka aikata laifin kuwa, ya faɗa tun a bayaninsa na farko, dalla-dalla. "Na yi tafiya" bai isa ba. Ya ce yana kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ga dillalin da suka yi ciniki, ga direban da ya ɗauko shi, ga gidan da ya kwana. Da ya ba da wannan, wajibi ne 'yan sanda su bincika, kuma rashin binciken na iya zama shakkar da za ta amfane shi. Dangi su nemo waɗannan shaidun da wuri, kafin mantuwa ko tafiya cirani ta raba su.

Idan Babbar Kotu ta yanke hukunci, kwana 90 ake da su na shigar da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a, a kuma nemi kwafin hukuncin daga magatakardan kotu tun a makon farko.