Godiya bayan laccar zama farfesa

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Alhamis da aka watse daga zauren lacca wayata ba ta huta ba, na fara amsa saƙonni ɗaya bayan ɗaya sai na ga abin ya fi ƙarfina, shi ne na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani. Wanda ya kira ban ɗaga ba don Allah ya yi min afuwa, wallahi ba wulaƙanci ba ne.

Alhamdulillahi. Shekara 24 ke nan da na fara tsayawa gaban aji a matsayin ƙaramin malami, ga shi Allah Ya nuna min ranar da na gabatar da laccar kama kujerar farfesa a fannin nazarin laifi da hukunci. Ina godiya ga shugaban jami'a da shugaban tsangaya da abokan aikina na sashe, da ɗaliban da suka kwana suna jera kujeru.

Inna, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Ranar da na gaya miki abin da zan karanta kin yi shiru kin daɗe, sannan kika ce me za ka nema a wajen ɓarayi da masu kisa, amma ba ki hana ni ba, addu'a kika bi ni da ita. Baba bai ga wannan rana ba, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta.

Sai Malam, wanda ya duba kundina na digirin digirgir. Babin farko da na kai masa ya dawo min da shi jajir da biro, kusan kowane shafi tambaya ɗaya ce a gefe, wa ya gaya maka? Na rubuta cewa tsananin hukunci shi ke rage laifi, wa ya gaya maka? Na rubuta cewa talauci ne tushen laifi, wa ya gaya maka? A lokacin raina ya sosu ba kaɗan ba. Shi ya zaunar da ni ya sa na karanta Beccaria, ɗan Italiyan nan da tun 1764, yana ɗan shekara 26, ya ce abin da ke hana mutum laifi shi ne ya tabbata za a kama shi kuma za a hukunta shi ba tare da jan lokaci ba, ba wai girman azabar ba. Ya nuna min yadda Lombroso, wani likita ɗan Italiya, a 1876 ya riƙa auna ƙoƙon kan mutane yana cewa ana haifar mutum da laifi a jikinsa, da yadda Charles Goring a Ingila ya gwada fursunoni da waɗanda ba fursunoni ba, a 1913 ya fito da sakamakon da ya rushe maganar. Batun talauci kuwa Malam ya miƙo min aikin Sutherland, wanda a 1939 a Amurka ya tsaya gaban malamai 'yan uwansa ya ce ku dubi laifin manya masu ofis da kamfanoni, ba sa shiga lissafin 'yan sanda ne kawai. Daga nan na daina rubuta abin da ba zan iya kare shi ba. Malam ya zo ranar Alhamis ana riƙe da hannunsa, ya zauna a layin gaba har aka tashi, Allah Ya saka masa da Aljanna.

Amma mutanen da na fi so in gode wa ba su zo ba, kuma ba za su iya zuwa ba, don suna kulle. Duk takardar da na wallafa, duk ƙarin girman da na samu, da bakinsu aka gina shi. Ban manta shigata ta farko gidan yari ba, bayan na yi watanni ina bin takardar izini daga wannan tebur zuwa wancan. A bakin ƙofa aka karɓe waya da rikoda, daga ni sai littafin rubutu da fensir, aka ba mu benci a gefen fili, gandiroba yana tsaye ɗan nesa inda zai gan mu amma ba zai ji mu ba. Wani matashi aka fara kawo min, yana murza hularsa a hannu, mai jiran shari'a ne, zaman da ya yi a ciki ya riga ya wuce ɗaurin da za a yi masa ko da an same shi da laifin, fayil ɗinsa ne ya maƙale a wani wuri kuma ba shi da mai tsaya masa beli. Na karanta masa takardar amincewa, na ce ba dole, na ce ba zan sa sunanka ba, na kuma gaya masa gaskiya cewa ni ba lauya ba ne ba zan iya fitar da shi ba. Ya yi min magana fiye da awa guda. Da zan tashi sai ya ce, Malam, to in ka rubuta wa zai karanta? Na rasa amsar da zan ba shi. Wannan tambaya na ɗauke ta a kaina duk shekarun nan, kuma ita ta sa na nace a gayyaci alƙalai da lauyoyi da jami'an gidan yari wajen laccar, ba malaman jami'a kaɗai ba. Sun zo kuwa, sun zauna sun ji, na gode musu ƙwarai.

Abin da na faɗa musu ba sabo ba ne. Mutum fiye da miliyan 11 ne ke tsare a gidajen yarin duniya, kusan ɗaya cikin kowane uku ba a yanke masa hukunci ba. Ƙa'idojin kula da fursunoni da ake kira Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ce a raba mai jiran shari'a da wanda aka yanke wa hukunci, sun hana a kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere, sun ce rabuwa da 'yanci ita kanta azaba ce, kada gidan yari ya ƙara wata a kai. A takarda an gama magana, saura aiki.

Gandirobobi ma ina gode muku, mutane ba sa ganin wahalarku. Wani dattijo cikinku shi ya koya min abin da babu shi a littafi, yadda ake ƙidayar safe da ta yamma, in mutum ɗaya bai cika ba babu mai tafiya gida, da yadda yake gane ɗaki zai rikice tun daga irin shirun da ya ji.

Wata baiwar Allah ta turo min saƙo bayan laccar ta ce ku malamai tausayin masu laifi kuke ji kun manta da waɗanda aka zalunta. Hajiya na gode da kika faɗa min kai tsaye, kuma maganarki tana da nauyi. Na zauna da iyalan da aka kashe wa 'ya'ya, na ga uwar da ta yi shekaru tana zaryar kotu ana ɗage mata zama har shaidu suka watse. Jinkirin da ya bar wancan matashi a kulle shi ne dai ya hana ta ganin adalci. Ban taɓa cewa kar a hukunta mai laifi ba, cewa nake a hukunta wanda ya yi, a kan lokaci, daidai abin da ya yi. Su ma iyalan nan da suka buɗe min ciwonsu ina gode musu, Allah Ya ba su haƙuri.

Uwargida, ke kika san sauran. Daren da mujalla ta dawo min da takarda bayan wata tara da kalma biyu ta ƙin karɓa, da lokacin da aka tura ayyukana wajen masu tantancewa na waje muka yi fiye da shekara ba labari, da ranakun da nake dawowa daga gidan yari in kasa cin abinci in kasa magana, ba ki taɓa cewa in canza fanni ba. Yara kuma ku yafe wa Abbanku hutun da ya cinye a kan kwamfuta. Ɗalibaina da kuka zauna kuna mayar da rubutun fensir ɗina zuwa na'ura shafi bayan shafi, biyu a cikinku yanzu daktoci ne, Allah Ya kai ku inda ban kai ba.

Masu tambayar kwafin laccar, an buga kaɗan ne kuma sun ƙare a zauren, amma zan sa ta a intanet cikin makon nan in sha Allah. Ina kuma mayar da ita Hausa mai sauƙi, na riga na rubuta takardar neman izini in shiga in karanta wa mutanen ciki da bakina, ku taya ni da addu'a a amince.