Makunnin tsakiya ya kama bayan kwana biyu

'Yan'uwa masu koyo, daren jiya fitilar barandata ta fara kamawa daga wuri uku, kuma har yanzu daɗin bai sake ni ba.

Haɗin makunni biyu bai ba ni wahala ba. Kowannensu yana da ƙafa uku, wato wuraren ɗaura waya, masu suna COM, L1 da L2. Wayar wuta ta shiga COM na farko, wayoyi biyu suka tashi daga L1 da L2 ɗinsa suka tafi L1 da L2 na ɗayan, COM ɗinsa ya wuce zuwa ƙwai. Ganin ya kama sai na ce bari in ƙara na uku a ƙofar ɗakin tsakiya, tunda ta nan ake yawan fitowa da dare. Asarar farko a nan na yi ta: na sayo mai ƙafa uku irin na gefe, alhali tsakiya sai mai ƙafa huɗu, wanda masu aikin ke kira intamidiyet. Na riga na fasa ledarsa, ba mayarwa. Kuɗin ya yi mini ciwo.

Da na samo mai ƙafa huɗun, na kashe bireka, wato abin da ke katse wutar layin in an samu matsala, na yanke wayoyin nan biyu a tsakiya, na ɗaura na wannan gefe a hagu, na wancan a dama, don haka idona ya ga ya dace. Na maido wuta. In makunnin tsakiya yana sama, na gefe biyun suna aiki lafiya lau. Da na danna shi ƙasa, shi ke nan, duhu, ko wanne ka taɓa. Bireka kuma bai faɗi ba, balle in ce ga inda matsalar take.

Na zargi ƙwan, na canza. Na zargi sukurori, na sake ɗaure su har wayar ta fara tsinkewa. Tasta kuwa, abin gwada ko akwai wuta a waya, ruɗa ni ta ƙara yi, don tana haske a wayoyi biyun da ke fitowa daga makunnin farko a lokaci guda, abin da bai kamata ba. Wallahi raina ya ɓaci, na bar aikin na kwanta.

Washegari na ɗauki takarda. Makunni uku, kowanne sama ko ƙasa, yanayi 8 ke nan, kuma fitila ta kamata ta kama a 4. Tawa a 2 kawai take kamawa. Sai na kashe wuta, na tabbatar da mitar gwaji cewa ba komai a layin, na cire makunnin gaba ɗaya na auna ƙafafunsa biyu-biyu a wajen da mitar ke yin ƙara in ƙafa biyu sun haɗe. Ashe ƙafa biyun da na ɗaura wa wayoyin makunnin farko, junansu suke haɗewa in an danna ƙasa. Wutar sai ta fito ta L1 ta tsaya a L2, ba ta tsallaka ba sam. Shi ya sa tasta ke haske a duka biyun, kuma tunda wutar ba ta taɓa nitiral ba, wato wayar da take komawa ta cikinta, bireka ba ruwansa.

Ga abin da mita ta nuna mini: ƙafafu biyun da ba sa taɓa yin ƙara tsakaninsu, ko sama ko ƙasa, su ne na gefe ɗaya. A nawa na sama biyu ne, ba na hagu ba. Kada ku bi zanen wani makunni, kamfanoni sun bambanta wajen jera ƙafafun da rubutun bayansu. Na musanya waya biyu, na naɗa musu tef don gaba, aikin minti biyar.

Na bi yanayi 8 ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowane danni yana canza fitilar. Saura abu guda: ƙwan LED ɗin yana ɗan ƙyalli bayan an kashe. Ina zargin doguwar tafiyar da wayoyin suka yi manne da juna cikin bututu ɗaya, amma sai na fara tabbatarwa cewa ba nitiral na bi da makunnan ba.