Ledar magunguna da kwalbar fitsari: abin da nake fara koya wa ɗaliban likita

A jadawalin ɗalibanmu da suka fara shiga ɗakunan marasa lafiya, cututtukan ciki da hanta suna da nasu makonni, na ƙoda suna da nasu, cututtukan homon, wato sinadaran da jiki ke fitarwa cikin jini don sarrafa aikin gaɓoɓi, irin su ciwon suga da maƙoƙo, su ma an ware musu nasu. Kowane ɓangare da malaminsa, kowane da tambayoyinsa a jarrabawa. Ban ga laifin wannan rabo ba, dole a bi karatu daki-daki. Sai dai mara lafiyar da ake kawo mana da tsakar dare a bayan a-daidaita-sahu bai san da wani rabo ba. Da su ukun yake zuwa a jiki ɗaya, kuma ɗalibin da ya haddace kowanne shi kaɗai yakan tsaya a gaban gado ya rasa ta inda zai kama.

Shi ya sa nake fara musu da irin mutumin da duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu ya sha gani. Dattijo ne ɗan kasuwa, ya haura hamsin, ya daɗe da ciwon suga. Gwiwa ta dame shi, sai ya riƙa aiken yaro kemis yana sayo masa dikulofenak, yana sha safe da yamma har ya zama jiki. Yanzu ga shi da tashin zuciya, da amai, da shaƙuwar da ba ta tsayawa, abinci ya fita daga ransa. An yi masa maganin olsa, an yi na taifot, an ƙara na maleriya, babu sauƙi. Babban ɗansa ya ce mana, cikin murna ma, "Likita, sugan Baba dai alhamdulillahi ya sauka, har mun rage masa allura."

A nan nake tsayawa in tambayi ɗalibai: wannan magana ta ɗan, albishir ce? Yawanci sukan ce albishir ce. Ni kuwa ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk bayanin. Ƙoda tana cikin masu kawar da insulin, wato homon ɗin rage suga da ake yi masa allurarsa, daga jini. Idan ta gaza, insulin ɗin da aka yi wa mutum yakan daɗe yana aiki, sai suga ya riƙa sauka ba don an warke ba. Ƙara da cewa mutumin ba ya cin abinci. Amai da shaƙuwar nan kuwa, dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ne ya taru a jini. Idan ka ja fatar idonsa ƙasa ka ga ta yi fari, dalili biyu ne ke jiranka: ƙoda ce ke fitar da homon ɗin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, kuma ta daina, sannan maganin gwiwar nan ya ci bangon tumbi, jini yana tsiyaya a hankali, shi ya sa dole ka tambaya ko bahayarsa ta koma baƙa. Idan kuma yana shan metfomin, ƙwayar maganin suga, sai an duba ƙarfin tacewar ƙodarsa, don in ya faɗi ƙasa da 30 dole a dakatar da shi. Ga ciki, ga ƙoda, ga homon, a kan gado ɗaya. Ranar da ɗalibi ya ga wannan da idonsa, yadda yake karanta littafi ma yakan canza.

Dokata ta farko a zagayen safe ita ce kada ɗalibi ya gabatar mini da mara lafiya sai ya ga ledar magungunansa. Ba jerin da aka rubuta a kati nake nufi ba. Ledar kanta, wadda ke ƙarƙashin filo ko a cikin jakar mai jinya. A zazzage ta a kan gado, a ɗauki kowace ƙwaya da kowane ƙulli, a tambaya: wannan na mene ne, wa ya ba ka, tun yaushe? A cikinta za ka ga maganin asibiti, da na kemis da aka haɗa kala huɗu a takarda ɗaya babu suna, da jiƙon basir a gorar ruwa, da garin da aka sayo a bakin tasha don ƙarfin maza.

Yadda ake tambayar ma darasi ne. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu sanye da farar riga, idan ya tsaya a kan dattijuwa ya ce, "Kina shan maganin gargajiya?" da muryar mai tuhuma, amsa ɗaya zai samu: a'a. Nakan ce musu su ja kujera su zauna, su gaishe ta yadda za su gaida kakarsu, su yi mata ya jiki, sannan su ce, "Inna, kafin a kawo ki nan, me da me aka taimaka miki da shi a gida?" Sai ka ji bayani yana fitowa. Mutanenmu ba sa ɓoye wa wanda ya girmama su. Kuma ba na yarda ɗalibi ya yi wa kowa faɗa a kan abin da ya sha. Wanda ciwo ya hana barci, kuɗin asibiti ya gagare shi, abin da hannunsa ya kai ya ɗauka. Aikinmu mu san mene ne, mu faɗa masa gaskiyar abin da yake yi wa jikinsa.

Ga mata kuwa akwai tambayoyi biyu da ɗalibai maza suke jin nauyin yi, ni kuma ba na ɗaga musu ƙafa a kai: man shafawa, da maganin ƙiba. Da yawa daga mayukan bilicin suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wato magani mai yin aikin wani homon na jiki, kuma fata tana tsotse shi zuwa jini. Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke sha gabanin biki don su ciko, sau da yawa dekzametason ne a ciki, shi ma sitiroyid ne. Bayan watanni sai fuska ta cika ta yi zagaye, nankarwa mai faɗi ta fito a ciki da cinyoyi, jini ya hau, suga ya hau, al'ada ta rikice. Littafi ya kira wannan cutar Kushin, ya cika shafuka da bayanin ƙari a cikin kai ko a kan ƙoda. Ɗalibi yakan zo da sha'awar gano irin wannan ƙarin. Amma a wurinmu, sau nawa aka bincika aka tarar daga kwalbar mai ne a gaban madubi? Abin da ya fi muhimmanci su riƙe shi ne kada su ce mata ta daina yau-yau. Halittar adirinal da ke zaune a saman ƙoda ta saba da hutu tunda ana kawo mata aikinta daga waje, in aka yanke maganin farat ɗaya jini zai iya faɗuwa, amai ya sarƙe ta, har a rasa rai. A hankali ake janyewa.

Doka ta biyu ita ce fitsari. Ina son kowane ɗalibi ya karɓi kwalbar da hannunsa, ya ɗaga ta ya duba launi, ya ga ko akwai kumfar da ba ta kwanciya, ya tsoma tsinken gwaji ya karanta da kansa. Wasu sukan ɓata fuska a farko, suna ganin aikin ɗakin gwaji ne. Ni a wurina babu gwajin da ya kai wannan arha da amfani a ƙasar da muke ciki. Ƙodojin mutum biyu suna tace kusan lita 180 na ruwan jini kowace rana, su mayar da kusan duka, su bar lita ɗaya da rabi ta fita. Suna da haƙuri ƙwarai: kiriyatinin, dattin da muke aunawa a jini don sanin ƙarfinsu, yana iya zama kamar lafiya lau har sai kusan rabin aikinsu ya tafi. Furotin a fitsari kuwa yakan bayyana tun da sauran dama. Mai suga ko mai hawan jini da aka gano masa wannan da wuri, aka daidaita masa jini, aka ba shi maganin da ke kare ƙoda, aka raba shi da magungunan ciwon jiki na kemis, zai iya shekaru bai kusanci injin wankin ƙoda ba.

Ina matsa wa wannan ne saboda na san abin da ke gaba. Wankin ƙoda sau uku ake so a mako, kowane zama awa huɗu, har iya rayuwa ko har a samu dashe. An fara dashen ƙoda a Najeriya a asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002, kuma abin alfahari ne. Amma iyalai nawa ne za su iya? Ana sayar da gona, a sayar da shanu, a sayar da ɗan kunnen matar gida, bayan 'yan watanni a daina zuwa. Duk wanda ya san Gashuwa da garuruwan Bade a jihar Yobe ya san yadda ciwon ƙoda ya shiga gidaje a can. Yawancin ɗaliban nan ba a babban asibiti za su fara aiki ba. Za a tura su inda babu injin wanki ko ɗaya, sai na'urar awon jini da tsinken fitsari da idanunsu. A can ne za a kawo musu mai amai da gudawa da ya bushe, da manomin da kububuwa ta sara, da mai jegon da ta zubar da jini. Duk waɗannan ƙodarsu na iya tsayawa cikin kwana biyu, kuma da yawa tana dawowa in an ba da ruwa ko jini a kan lokaci, aka kuma auna yawan fitsarin da suke yi. Mai jegon nan ma nakan ce su bi ta bayan sallama: in nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba, kullum tana cikin kasala, to zubar jinin ya taɓa halittar fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Ba ragwanci ba ne kamar yadda dangin miji kan ce.

Batun olsa yana ba ni aiki, don ɗalibai daga gida suke zuwa da imanin cewa yunwa da yaji ne ke kawo ta. Nakan ba su labarin Robin Warren da Barry Marshall na birnin Perth a Ostareliya, waɗanda suka nuna cewa ƙwayar cuta ce, Helikobakta, ke zaune a tumbi tana haddasa gyambo. Da likitoci suka ƙi yarda, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ma'anar wannan a aikace ita ce olsa tana warkewa, da maganin kashe ƙwayoyi iri biyu da mai rage asid na kimanin mako biyu, maimakon shekara da shekaru ana shan omefirazol mai rage asid da madara. Kuma ba duk zafin ƙirji ba ne olsa. Wanda ya manyanta, yana ramewa, abinci yana tsaya masa, ko yana aman jini, a tura shi a leƙa cikinsa da na'ura, kada a riƙe shi.

Hanta ita ce ke sa ni baƙin ciki fiye da komai a wannan fanni. Saurayi ɗan talatin, ciki ya cika da ruwa, idanu sun yi ɗorawa, an daɗe ana masa jiƙon shawara, in ka taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ka ji tauri. Ciwon hanta nau'in B ne, kuma galibi tun yana jariri ko ƙaramin yaro ya ɗauka. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma cutar takan zauna musu har girma, alhali babba in ya kamu yawanci jikinsa yana kore ta. In aka haɗa da gubar da ke fitowa a gyaɗa da masarar da ta yi funfuna a rumbu, haɗarin kansar hanta ya ninku. Najeriya ta sa rigakafin wannan cuta cikin alluran yara a 2004, kuma ta farko a cikin awa 24 da haihuwa ake son yin ta. To matan da ke haihuwa a gida fa, waɗanda ba a fita da jariri sai bayan suna? Nakan sa ɗalibai su tambayi kowane mai wannan ciwo game da matarsa da 'ya'yansa da 'yan uwan da suka fito ciki ɗaya, a gwada su. Su ma kansu ɗaliban, ba na barin wanda bai yi rigakafin ba ya riƙe allura a ɗakina.

Maƙoƙo ya ragu sosai tun da aka wajabta sa aidin a gishiri a 1993, don haka ba na daɗewa a kansa, sai dai in tuna musu cewa mai yawan bahaya da rama da bugun zuciya da rawar hannu, a duba wuyanta kafin a ce tsutsar ciki ce.

In watan Sha'aban ya kama, nakan ajiye jadawali in ba azumi zama guda. Masu suga za su yi azumi ko mun yarda ko ba mu yarda ba, gara mu shirya su. A sauya lokutan magani, a rage na sahur, a yi hattara da gilibenkilamaid don yana jefa mutum cikin faɗuwar suga da la'asar. A gaya wa mutum cewa tsira yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma in awon ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya karya azumin nan take. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, da mai sugan da ba ya rayuwa sai da insulin kuma bai daidaita ba, a faɗa musu ƙarara cewa Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, in suna da shakka su je da bayaninmu wurin malaminsu. Akwai kuma tambayar da littafinsu bai amsa ba: ina mai insulin zai ajiye allurarsa a watan Afrilu, a unguwar da wuta ba ta zuwa? A leda mai ɗaure, a gindin randa ko cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Wannan ma ina tambayarsa a jarrabawar baka, kuma makinsa daidai yake da na kowace tambaya.